Idan Bawul Ya Mutu, Me Ya Kashe Shi?

Daga Gehuru zuwa Jega, daga Aliero zuwa Maiyama, babu garin da asuba za ta yi ba a ji lasifika ba. Da ita ladan ke kiran salla, da ita mai maganin gargajiya ke tallar hajarsa ranar kasuwa, ita 'yan siyasa ke ɗorawa kan mota lokacin yaƙin neman zaɓe. Amfilifayar da ke bayan wannan sauti kusan duk ta taransisto ce, irin su Ahuja ta Indiya da takwarorinta na China, waɗanda ke iya aiki da batirin mota idan an ɗauke wuta. Sai dai akwai wata tsohuwar zuriya ta na'urorin ƙara sauti da ba ta ƙare ba, wato masu bawul, kwalaben gilashin nan da cikinsu ke yin ja idan sun ɗau zafi. Jefi-jefi ake ganinsu: tsohon akwatin rediyo na Grundig ko Philips da wani dattijo ya bari cikin gado, ko amfilifayar da ta shigo cikin kayan gwanjo ta Kwatano ko kasuwar Alaba ta Legas, ko kuma sabuwa fil da wani mai sha'awar sauti ya yi oda daga China. Ranar da ɗaya daga cikinsu ta yi shiru, hukunci ɗaya ake yankewa: bawul ya ƙone, a nemo wani a sa. Wannan hukunci ne nake ganin yana bukatar ɗaukaka ƙara. Gaskiya ne bawul yana mutuwa da tsufa, amma a irin wutarmu da irin zafinmu, sau da yawa kashe shi ake yi, kuma wanda ya sa sabo bai gano makashin ba, ya ƙara miƙa masa wani ne da kuɗinsa.

Ba za a fahimci dalili ba sai an san abin da ke cikin kwalbar. An zuƙe iskar cikinta sarai. A tsakiya akwai siririn zare da wuta ke bi ya yi zafi, yawanci da bolt 6.3, shi kuma ya dumama wani ɗan bututun ƙarfe da aka shafe da sinadari. Idan bututun ya yi zafi sai ya riƙa sakin ƙwayoyin lantarki, su kuma su ruga zuwa farantin ƙarfen da ke kewaye da shi, domin an ɗora wa farantin wuta mai ƙarfi, bolt 300 zuwa 450 a yawancin na'urorin gida. Tsakanin bututu da faranti akwai raga ta lallausar waya. Ita ce mai tsaron ƙofa: ɗan ƙaramin canji a wutar da ke kanta yana jawo babban canji a yawan abin da ke wucewa, kuma wannan shi ne ƙara sauti gaba ɗayansa. John Ambrose Fleming na Ingila ne ya ƙirƙiro bawul na farko a 1904, Lee de Forest na Amurka ya ƙara masa raga a 1906. Shekara arba'in da wani abu wannan ce babbar hanyar ƙara ƙarfin murya a duniya. An ƙirƙiro taransisto a 1947, rediyonsa na aljihu ya shiga kasuwar Amurka a 1954, amma ya ɗauki lokaci kafin ya game ko'ina. Lokacin da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, da lokacin da gidan rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, manyan akwatunan da ake taruwa a saurara a gidajen sarakuna da ma'aikata masu bawul ne, sai an kunna an jira su yi ɗumi kafin murya ta fito.

Mutuwar tsufa tana da kamanninta. Sinadarin da ke kan bututun yana ƙarewa sannu a hankali, sauti ya rage ƙarfi, ganga ta daina bugun ƙirji, murya ta riƙa shaƙewa idan an ƙure. Manyan bawul na fitar da sauti, irin su EL34, EL84 da KT88, kan yi awa dubu biyu zuwa 'yan dubbai kafin su kai nan. Ƙananan da ke gaba, irin su ECC83, suna iya yin awa dubu goma ko fiye, har ana samun na shekarun 1960 da ke aiki lafiya lau yau. Mutuwar kisa daban take. Fis ya riƙa tsinkewa, ko a ji ƙara kamar an fasa wani abu, ko a leƙa cikin duhu a ga farantin kansa ya yi ja, ba zaren tsakiya kaɗai ba. Jan faranti alama ce ta cewa bawul na jan wuta fiye da ƙarfinsa, kuma mintoci kaɗan sun isa su gama da shi. Akwai kuma tabon nan mai ƙyallin azurfa a saman gilashin, wanda jahilci kan sa a ɗauka ƙuna ce. Ba ƙuna ba ce, sinadari ne da aka sa don ya tsotse ragowar iska. Muddin yana ƙyalli, kwalbar a rufe take. Ranar da ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, wannan bawul ya tafi ke nan. Haka shuɗin haske da kan bayyana a jikin gilashin: yawanci ba komai ba ne, sai in ya zama ruwan hoda a can tsakanin ƙarafan ciki, wanda ke nuna iska ta gurɓata shi. Mai gyaran da bai bambance waɗannan alamomi ba zai jefar da lafiyayye ya bar mara lafiya.

To su wane ne makasan? Na farko yana cikin gida. Tsakanin ƙaramin bawul da babba akwai kafasita wadda aikinta shi ne ta bar sauti ya wuce, ta tare wuta mai ƙarfi. A tsofaffin na'urori da takarda da kakin zuma aka yi ta, kuma bayan shekara hamsin ko sittin tana shan laima, ta fara yoyo. Da ta fara, wutar da ya kamata ta tare sai ta isa ragar babban bawul, ƙofa ta buɗe hanhai, faranti ya yi ja. A cire wannan bawul a sa sabo dal daga kwali, shi ma ja zai yi, domin kafasitar da kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin bawul ba tana nan inda take. Auna ta kuwa ba ya cin minti biyar ga wanda ya san inda zai ɗora mita. Na biyu shi ne abin da masu sana'ar ke kira bayas, wato ɗan matsin da ake yi wa raga domin a ƙayyade yawan wutar da bawul zai ja alhali ba a sa waƙa ba. Wasu na'urori, irin su Quad II ta 1953 da Leak Stereo 20 ta 1958, duka 'yan Ingila, suna daidaita kansu ta hanyar wata razista da ke ƙarƙashin bawul, amma ita ma razistar tana sauya ƙima da tsufa, kafasitar da ke gefenta kuma tana bushewa. Wasu kuwa, irin su Dynaco ST-70 ta Amurka da ta fito a 1959, da hannu ake saita su, kuma duk lokacin da aka canza manyan bawul dole a sake saiti.

Lissafin ba shi da wuya, shi ya sa rashin yin sa ke da ban takaici. Farantin EL34 ba ya jure fiye da wat 25. Al'adar masu gyara ita ce kada a bar shi ya wuce kusan kashi 70 cikin 100 na wannan a zaune, wato wat 17 da rabi. Idan mita ta nuna bolt 400 a kan faranti, raba 17.5 da 400 zai ba da kusan miliamfiya 44, kuma a nan ko ƙasa da nan ya kamata saiti ya tsaya. Na EL84 wat 12 ne, na 6L6GC wat 30, kowanne da iyakarsa a rubuce cikin takardar masana'anta. Masu ƙera ST-70 sun yi wata dabara mai ban sha'awa: sun zaɓi razistar awo yadda saitin daidai zai nuna bolt 1.56, daidai da ƙarfin sabon batirin tocila na wancan zamani, domin ko mai mita mara kyau ya gwada ta da batiri ya san inda allura za ta tsaya. Mutanen da suka yi wannan tunani ba su ɗauki canza bawul a matsayin cire wannan sa wancan ba. Akwai kuma batun tagwaitaka. Yawancin amfilifayoyi suna aiki da manyan bawul biyu-biyu, ɗaya na turawa ɗaya na ja, kuma ana so ƙarfinsu ya zo ɗaya. Idan aka haɗa tsoho da sabo, sabon ne zai ɗauki kaya, a riƙa jin gurnani a sifika, taransifomar fitar da sauti ta riƙa wahala. Shi ya sa ake sayar da su a matsayin tagwayen da aka auna, kuma shi ya sa wanda ya ce zai sayi ɗaya don tsimi yakan dawo ya sayi biyu daga baya.

Makashi na uku daga waje yake shigowa, kuma a nan ne labarinmu ya bambanta da na mai amfilifaya a Landan ko Tokyo. A takarda, wutar Najeriya bolt 230 ce. Tana tasowa daga Kainji zuwa Birnin Kebbi, kamfanin rarraba wuta na Kaduna ya raba ta zuwa garuruwanmu, amma duk mai firji ya san abin da ke isowa soket ba kullum yake bin takarda ba: yau rabin wuta, gobe ta dawo da ƙarfin da zai fasa ƙwan fitila. Taransifomar amfilifaya ba ta da hankalin kanta, abin da aka ba ta take ninkawa ko ta rage bisa ƙa'ida ɗaya. Ɗauki na'urar da aka ƙera don bolt 220, irin na Turai na da. Idan wuta ta hau 250, zaren da ke son 6.3 zai samu kusan 7.2, farantin da ke son 400 zai samu fiye da 450, saitin bayas da aka yi jiya ya tashi a banza. Idan ta sauka 180, zaren zai samu 5 da ɗan kai, bututun bai yi zafin da ya kamata ba alhali ana tatsar sa, wannan ma yana rage masa kwana. Masu ƙera bawul sun so a riƙe wutar zare kusa da ƙa'ida, kada ta kauce da fiye da kashi 5 zuwa 10 cikin 100. Sai kuma ɗauke wuta a dawo da ita cikin daƙiƙa biyu, wanda ke dukan bawul yana da zafi, da ƙaramin janareto da ke hawa da sauka duk lokacin da aka kunna injin ruwa, da inbata mai arha wadda wutarta ba ta da santsi, tana sa taransifoma kuka da zafi. Na'urar da aka ƙera don Amurka kuwa, ta bolt 120, ko an sa mata abin rage wuta, taransifomarta za ta fi yin zafi a nan saboda bugun wutarmu 50 ne a daƙiƙa, nasu 60. Saboda haka sitabilaiza mai kyau da ke jinkirta kunnawa ba ado ba ce ga mai amfilifayar bawul a Kebbi. Tana gaba da sabon bawul a jerin sayayya.

Zafi da ƙura su ne suka cike gurbin. A watannin Maris zuwa Mayu zafin wannan yanki yana haura digiri 40, ɗakin kwano kuma ya fi haka, alhali gilashin babban bawul da kansa yana iya wuce digiri 150. Masana harkar suna da ƙiyasin cewa duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanan kafasita mai ruwa gida biyu. Wanda ya cusa amfilifaya cikin kabad, ko ya lulluɓe ta da ƙyalle don gudun ƙura yana kunne, yana dafa ta ne. Ƙurar hunturu kuma tana shiga ramukan soket ɗin bawul, damina ta zo ta jiƙa ta, sai a fara jin ƙaraf-ƙaraf a sifika, ko wuta ta yi tsalle tsakanin ƙafafu biyu ta bar baƙin layi a jikin soket. Irin wannan soket, ko bawul nawa aka sa masa zai ci gaba da tartsatsi. Da yawa daga cikin abin da ake kira mutuwar bawul datti ne kawai da goge ƙafafu zai magance. Akwai kuma kuskuren da waɗanda suka saba da taransisto ke yi: kunna amfilifaya ba a jona sifika ba. Ta taransisto ba ta damu ba. Ta bawul kuwa, idan sauti na shiga babu inda zai fita, wuta na iya yin tsiri a cikin taransifomar fitar da sauti ta huda rufin wayoyinta.

Mai ja da wannan magana zai ce an cika tsanani. Ai don a riƙa canzawa aka sa bawul a soket maimakon a like shi da dalma, kuma a Amurka ta shekarun 1950 har a kantunan magani akwai injin gwaji, mutum ya zo da bawul ɗinsa a aljihu ya gwada ya sayi sabo ya koma gida. Wannan gaskiya ne, kuma har yau akwai inda ya dace. Idan na'urar sabuwar ƙira ce mai saita kanta, ta yi shekara uku tana aiki, sauti ya dusashe a hankali, babu jan faranti babu tsinkewar fis, to a sa sababbin tagwaye a ci gaba da sauraro. Idan ƙaramin bawul ne ke shewa ko yake amsa kuwwa in an ƙwanƙwasa shi da fensir, a musanya na hagu da na dama, in matsalar ta bi shi to shi ne, a canza shi kaɗai. Amma Ba'amurken 1955 yana canza bawul ne a na'urar da sauran kayan cikinta ba su wuce shekara biyar ba, a kan wutar da ba ta rawa, kuma bawul ɗin kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Babu ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan uku da ya cika ga mai tsohuwar Leak a Jega.

Sharaɗi na uku ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya mai da kuskuren da a da ake dariya a kansa ya zama asara. Manyan masana'antun Turai da Amurka, har da ta Mullard da ke Blackburn a Ingila, sun daina ƙera bawul tun wajen shekarun 1980. Abin da ya rage a duniya bai wuce a ƙirga da yatsun hannu ba: JJ Electronic a Sulobakiya, masana'antar Saratov a Rasha mallakar kamfanin New Sensor na Amurka, wasu 'yan kaɗan a China irin su Psvane, sai Western Electric da ta dawo da ƙera 300B mai tsadar gaske a jihar Jojiya. Babbar masana'antar Shuguang ta China ta tsayar da aiki a 2019. A watan Maris na 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren, Rasha ta sa bawul cikin jerin kayan da ta hana fitarwa, kasuwa ta rikice, farashi ya yi tashin gwauron zabo, kuma ko da aka sassauta bai koma inda yake ba. A gida kuma, tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Bawul ba kayan da za a shiga kasuwar Jega a ɗauko ba ne. Oda ake yi, a biya da kuɗin waje, a jira makonni, a yi addu'a gilashi ya iso Legas ko Kano lafiya, sannan ya jure hanyar mota. Wanda ya sha wannan wahala ya sa shi a na'urar da ba a bincika ba, ya ga ya yi ja cikin minti goma, ba shi da wanda zai kai wa ƙara.

Ƙarancin ya haifi wata fitinar, ta suna da tambari. Sunayen Mullard, Tung-Sol da Genalex da ake gani a sababbin kwalaye yau na New Sensor ne, a Saratov ake ƙera su. Halal ne, kuma suna aiki, amma ba su ne na Blackburn ba, bai kamata a biya kuɗin wancan a karɓi wannan ba. Akwai kuma masu goge tambarin bawul mai arha ko wanda ya gaji su buga na Telefunken, su ce tsohon ajiya ne da ba a taɓa amfani da shi ba. Na gaskiyar yana da alamar lu'ulu'u da aka zuba a gindin gilashin tsakanin ƙafafu, wadda ba a bugawa da fenti. Ra'ayina a nan shi ne mai amfilifaya a ƙasarmu ya bar farautar tsofaffin sunaye ga masu kuɗin banza. A na'urar da aka tsara da kyau, bambancin sauti tsakanin lafiyayyun bawul biyu na kamfanoni dabam-dabam ƙarami ne ƙwarai idan aka gwada shi da bambancin da ke tsakanin na'ura mai saiti da mara saiti. Abin da ya fi suna muhimmanci shi ne lamba. ECC83 da 12AX7 abu ɗaya ne, sunan Turai da na Amurka, haka EL84 da 6BQ5, haka GZ34 da 5AR4. Amma ECC81, ECC82 da ECC83, duk da ƙafafunsu ɗaya ne kuma kowanne zai shiga ramin ɗan'uwansa, ƙarfin ƙarinsu ya bambanta: kusan 60, da ƙasa da 20, da 100. EL34 zai zauna daram a soket ɗin 6L6, amma zarensa na jan amfiya 1.5 inda wancan ke jan 0.9, taransifomar da ba a yi ta don haka ba za ta gasu a hankali. 6N2P na Rasha ya yi kama da ECC83, amma wayoyin zarensa dabam suke. Shiga rami ba shi ne dacewa ba.

Aliero ta yi suna da masu ɗori, kuma duk wanda ya san aikinsu ya san ba sa fara ɗaure karare sai sun bi ƙashin da hannu sun gano inda ya goce, domin ɗauri a kan karkace gurgunta yake haifarwa. Tsarin da ya dace da amfilifaya ke nan. A fara da ido da hanci, na'ura a kashe: razistar da ta yi baƙi, kafasitar da ta kumbura ko ta yi zufa, fis ɗin da wani ya naɗe da waya ko takardar sigari, wanda shi kaɗai ya isa ya mai da ƙaramar matsala gobara. Sannan a kunna ta ta cikin ƙwan fitila mai zare, na wat 60 ko 100, da aka jera a kan layin wuta, dabarar da tsofaffin masu gyaran rediyo da talabijin suka sani sarai: in akwai gajeriyar hanya a ciki, ƙwan zai haska ya shanye wutar maimakon taransifoma ta ƙone. Ƙwan zamani mai tsimin wuta ba ya wannan aiki, don haka mai gyara ya adana na da in ya samu. A auna wutar bayas tun manyan bawul ba sa ciki, a tabbatar tana isa kowace raga. Sai an gama wannan sababbi za su shiga, a saita, a zauna a sa musu ido rabin awa, a sake aunawa bayan sun yi zafi. Duk wannan hidima don kare abu ɗaya ake yi, taransifomar fitar da sauti. Masu naɗin waya na garuruwanmu gwanaye ne a kan fanka da injin ban-ruwa, amma wannan taransifoma hawa-hawa ake naɗa ta, ana saɓa wayar shiga da ta fita bisa tsari, kuma in aka naɗa ta kamar ta fanka za ta yi ƙara amma sautin da aka sayi na'urar dominsa ya tafi. Dole kuma a faɗi wannan ƙarara: bolt 400 na kisa, kuma manyan kafasitoci na riƙe shi bayan an zare filogi. Sai an sauke su ta razista an tabbatar da mita kafin hannu ya shiga. Wasu tsofaffin akwatunan rediyo ma ba su da taransifomar wuta sam, ƙarfen jikinsu a jone yake da layin Nepa kai tsaye. Yaron shago da ya saba da wayar salula mai bolt 4 bai kamata ya koyi wannan da jikinsa ba.

Akwai ƙalubalen da ya fi na farko nauyi: me ya sa za a wahala? Manyan EL34 guda huɗu suna cin kusan wat 38 a dumama zare kaɗai, na'urar gaba ɗaya tana haura wat 100 ko ba a sa komai ba, a yankin da mutane ke lissafin kowane wat na sola. Amfilifayar zamani da ba ta fi tafin hannu ba tana miƙa wa sifika kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ta ci, kuma kuɗinta bai kai na tagwayen bawul ba. Ban ga abin musu a nan ba. Kwamitin masallacin da ya sayi amfilifayar bawul don kiran salla ya yi wa jama'a ɓarnar kuɗi, mai talla a kasuwa ma haka. Ko ta fuskar awo, taransisto mai kyau ya fi bawul tsabtar sauti. Abin da bawul ke da shi shi ne irin nasa gurɓatar: idan aka matsa masa yakan lanƙwasa a hankali maimakon ya tsage, kuma ƙarin da yake yi wa sauti na da daɗi a kunnen mutane da yawa. Wanda ya ce kotson Narambaɗa ko na Ɗanƙwairo ya fi zauna masa ta cikin bawul ba ƙarya yake yi ba, zaɓi ne, kamar yadda wani ke kashe kuɗi a kan doki alhali ga babur. Amma amincewa da cewa abin na marmari ne ba ta rushe hujjar ba, ƙarfafa ta take yi. Kayan da ba dole ba, mai tsada, mai wuyar samu, shi ya fi cancantar a bincika kafin a taɓa. Wanda kuma ya auna ya ga ba zai iya ba, gara ya sayar wa mai iyawa ko ya ajiye ta yadda take, da ya bari a fasa cikinta a dasa allon China a bar kwalaben suna haske don ado.

Saura matsalar da ta fi duka wuya, kuma ba ta lantarki ba ce. A al'adar cinikinmu, mai kaya yana biyan abin da ya gani an canza. Idan mai gyara ya yi awa uku yana awo ya gano kafasitar naira ɗari biyar, sai a ce masa, "Haba Malam, ɗan wannan abin ne za ka caje ni haka?" Idan kuwa ya ce bawul huɗu sun mutu, za a biya ba gardama, har da godiya. Tsarin da kansa yana tura mai gaskiya ga canza abin da bai lalace ba. Ba a magance wannan da wa'azi. Mai kaya ne zai fara raba kuɗin bincike da kuɗin kaya, ya biya na farko ko da an ce masa babu abin da za a saya, sannan ya nemi a rubuta masa abin da mita ta nuna: wutar soket, wutar faranti, abin da kowane bawul ke ja, da ranar da aka auna. Takardar nan a manna ta a ƙarƙashin na'urar, domin mai gyara na gaba ya san daga inda aka tashi. A dawo masa da tsofaffin bawul ɗinsa kuma, domin wanda ya raunana bai mutu ba, zai yi amfani wajen gwaji ranar da ake shakkar na'urar, maimakon a jefa sabo cikin haɗari. Ilimin kansa ba ɓoyayye ba ne. Takardun masana'anta na kusan kowane bawul da zanen kusan kowace tsohuwar amfilifaya suna intanet kyauta, kuma ɗalibin lantarki a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, ko a kwalejin Waziri Umaru ta Birnin Kebbi, ya riga ya karanta duk lissafin da ake bukata tun shekararsa ta farko. Abin da ba shi da shi shi ne hannun tsohon mai gyaran rediyo da ya san warin taransifomar da ta fara gasuwa, shi kuma tsohon sau da yawa ba shi da takardar da za ta gaya masa cewa EL84 wat 12 ne iyakarsa.